Danna-mu-gani, Wadda Ta Amsa Laifinta

Ƙarfe bakwai na safe take sauka daga motar haya a bakin layinmu, layin masu sana'ar hannu. Jaka ɗaya ce a kafaɗarta. A cikin jakar akwai wayoyi huɗu, dukkansu tsofaffi. Ɗaya gilashinta a fashe yake, ɗaya kuma sai an ɗaure ta da roba take riƙe batir. Ba rashi ne ya sa ba. Ta ce irin wayoyin da ke aljihun mutanenmu ke nan, abin da bai yi aiki a kansu ba kuwa bai yi aiki ba.

Ba ta wucewa ofis sai ta yi awa biyu a layin. Ta zauna a bencin tela, ta tsuguna gefen mai faci, ta tsaya bakin rumfar kafinta garin katako yana sauka a mayafinta. Sai ta miƙa wa mutum waya ta ce, "Danna mu gani." Ba za ta nuna maka inda za ka danna ba. Hannu take naɗewa ta zuba wa yatsanka ido. In ka ɓata hanya ba ta cewa ka yi kuskure. Wani abu take rubutawa a ɗan littafinta, ta karɓi wayar ta wuce rumfa ta gaba. Daga nan sunan ya bi ta. Shekara tara ke nan kowa a layin ya san Danna-mu-gani, amma da za ka nemi sunanta na yanka, da wuya ka sami mutum uku da za su faɗa maka.

Aikinta shi ne zana manhajar da ke cikin wayoyinmu, wadda ke riƙe wa mai zaman kansa lissafin abin da ya samu da abin da ya kashe, ta tattara a ƙarshen shekara ta aika ofishin haraji ba sai ya rufe shago ya je ya bi layi ba. Ba ita ce mai kamfanin ba. Ba fuskarta ake sawa a talla ba. Akwai masu haɗa kayan cikin abin, ita nata shi ne abin da ido ke gani da abin da yatsa ke taɓawa: ina maɓalli zai zauna, wace kalma za a sa a kansa, yaya girmansa.

Ni ban saba yabo ba. Na raka abokai da yawa makwanci ban taɓa ce musu sannu da aiki ba. Wannan karon zan faɗa, domin ƙarshen watan jiya ta kwashe kayanta daga ofis, kuma ba da tafi aka sallame ta ba.

Mai faci shaida ne. Babban yatsansa ya kai kan guduma faɗi, kullum cikin baƙin mai, in ya danna maɓalli ɗaya sai uku su amsa. Ya ce mata, "'Yar nan, wannan abin naku na masu laushin hannu ne, ku kai wa ma'aikatan banki." Bayan sati uku ta dawo da maɓallan da ko da gwiwar hannu za ka iya dannawa. Tela shaida ne. Shi ya ce rubutun ba ya ganuwa in rana ta take, ta koma ta sake launi har sau biyar. Mu da ba mu yi nisa a karatu ba, ita ta sa mana murya a ciki, wayar ta riƙa faɗa maka abin da ke rubuce. Kafinta ya ce muryar ta cika sauri kamar mai bin bashi, ta sa aka rage.

Abin da ta fi alfahari da shi maɓalli biyu ne. Kore, ya shigo. Ja, ya fita. A ofis sun so su sa goma sha ɗaya, ta yi ta faɗa da su har ta mayar biyu. Kuɗin da aka turo maka ta waya ma ba sai ka danna ba, da kansa yake faɗawa kore. Tana cewa mai sana'a hannunsa ba ya zama, kada a tsayar da shi. Kowa ya yaba. Ni ma na gyaɗa kai. Wannan maɓalli biyun ne suka kusa cinye mai walda.

Mai walda yana shago na shida daga bakin titi. Tartsatsi ake ce masa, ba don aikinsa kaɗai ba, don bakinsa ma. Ya haura hamsin, 'ya'yansa shida. Shekara goma sha huɗu ya yi yana ƙona idonsa a shagon wani kafin ya sayi injin walda na kansa, daga baya ya ƙara da janareta. Bara wani ɗan kwangila ya ba shi aikin ƙofofi da tagogi na gida goma sha biyu. Kamar yadda aka saba, ɗan kwangila kan turo kuɗin ƙarfe na kowane gida ta waya, tare da ɗan kafin alƙalami. Tartsatsi ya cire kuɗin a hannu, ya kai wa dillalin ƙarfe a hannu, domin dillalin yana rage farashi ga wanda bai nemi rasit ba. Kashi takwas cikin goma na kuɗin nan na ƙarfe ne. Awa biyu ba ya yi a aljihunsa.

Wayar ta ga kuɗi ya shigo, ta zuba a kore. Shi kuma bai taɓa danna ja ba ko sau ɗaya. A wajensa kuɗin ba nasa ba ne, amana ce ta ratsa ta hannunsa. Abin da bai shigo maka ba, yaya zai fita daga wajenka? Duk wanda ya taɓa riƙe kuɗin katako ko na yadi ko na siminti ya san wannan. Ita ba ta sani ba. Ƙarshen shekara muryar ta ce masa, "Lissafinka ya cika. A aika?" Ba ta faɗi adadi ba, don Danna-mu-gani ta cire wannan da hannunta saboda kada a ɓata wa mutane lokaci. Ya danna kore ya ci gaba da aikinsa.

Takarda ta zo daga ofishin haraji da kuɗin da bai taɓa riƙe irinsa a matsayin nasa ba. Ya yi dariya ya jefa ta aljihun tebur, ya ce sun haɗa shi da wani attajiri. Ta biyu ta zo, ita ma ta bi ta farko. Ta uku ba takarda ba ce, kwaɗo ne.

Ran da Danna-mu-gani ta sauka daga mota ta ga mutane sun taru a shago na shida, ta ɗauka gobara ce. Da ta matsa ta ga kwaɗon hukuma a ƙofa, da jar takarda a manne. Kwana talatin. In ba a biya ba, za a yi gwanjon injin walda. Tartsatsi yana zaune a kan wata tsohuwar taya ya haɗa kai da gwiwa. Matarsa ce a tsaye, da goyo a baya.

"Yauwa, ga uwar gayyar," in ji matar. "Ke ce kika zo kina lallaɓa shi, danna mu gani, danna mu gani. To ga shi ya danna. Kin gani?"

"Yaya, yi haƙuri, bari in duba wayarsa."

"Ni ba yayarki ba ce. Yayarki tana gida tana shan fanka. Mutum shida zan ciyar da wannan jar takardar?"

Tartsatsi ya miƙa wayar bai ɗago ba. Ta duba. Ta ga kore goma sha biyu manya, babu ja ko ɗaya a gabansu. Ta tsuguna a gabansa.

"Kawu, kuɗin nan da suka shigo, ina suka tafi?"

"Ƙarfe."

"Me ya sa ba ka danna ja ba?"

Sai a lokacin ya ɗago. "Ja na abin da na kashe ne, ke kika ce. Ni na kashe? Kuɗin mutum ne, ƙarfen mutum ne, gidan mutum ne. In na ɗauko miki ruwa daga famfo na kawo miki, ni na sha?"

Ta daɗe a tsugune tana kallon wayar, kamar wadda aka yi wa rasuwa. Shekara tara tana kallon yatsun mutanen nan, ba ta taɓa tambayar ko duk kuɗin da ya shiga hannunsu nasu ba ne. Ta juyo wajena ta ce, "Baba, haka kowa yake yi a layin nan?" Na ce mata tun kafin a haife ki.

A ofis ta bincika, ta sami mutum ɗari biyu da 'yan kai da lissafinsu yake da irin wannan kama. Magina, teloli, masu gyaran mota. Nasu bai kai girman da zai jawo kwaɗo ba tukuna, sun dai biya abin da ba hakkinsu ba sun yi shiru. Ta shiga wajen manaja ta ajiye masa takardun. Wata abokiyar aikinta da ke ɗakin ita ta ba da labarin yadda aka yi.

Manaja ya duba ya ce, "Shi ya danna a aika?"

"Shi ya danna."

"To magana ta ƙare. Sharuɗɗanmu sun ce mai waya shi ke da alhakin lissafinsa. Ya amince da su ran da ya sauke manhajar."

"Shafi goma sha tara ne, ranka ya daɗe. Mutumin da muka sa wa murya don ba ya karatu."

"Ki gyara a sabon fitowa, a hankali, ba surutu. Lauya ya ce kada kowa ya rubuta komai, kada kowa ya ce laifinmu ne. In kalma ɗaya ta fita a takarda, ɗari biyun nan za su zama dubu biyu a bakin ƙofa."

"Sabon fitowa wata uku ne. Injinsa kwana talatin."

"Ke mai zane ce ko mai walda?" in ji manaja. Ya tura mata takardun.

Ta je wajen dillalin ƙarfe ta roƙe shi ya ba da rasit na abin da ya sayar. Ya ba ta kujera, ya sa aka kawo mata ruwan sanyi, ya ce shi bai san wani mai walda ba. Ta gane. Wanda gemun maƙwabcinsa ya kama da wuta, nasa yake shafa wa ruwa. Ta je wajen ɗan kwangila, aka ce ya yi tafiya. Sau uku ana ce mata ya yi tafiya, motarsa tana tsakar gida. Kwana goma sha ɗaya suka tafi a haka.

Ta koma wajen Tartsatsi. A lokacin ya fara zuwa shagon wani yana yi masa aikin yini, shagon mutumin da shi Tartsatsin ne ya koya wa riƙe ƙarfe. Ta ce, "Kawu, ba ka da komai a rubuce? Ko ƙyallen takarda?"

"Takarda ta 'yan boko ce. Ni bango gare ni."

"Wane bango?"

"Bangon shagona, na ciki. Kowane gida na zana ƙofarsa da alli. A ƙasa rodi nawa, falanki nawa, nawa na biya, ran nawa ga wata. Harafi ne ban iya ba, lamba na iya. Ba na gogewa sai mun yi sallama da mai aiki mun yafi juna. Goma sha biyun suna nan."

"Suna nan?"

"Suna bayan kwaɗonku."

A ofishin haraji ta yi kwana huɗu a benci kafin ta ga jami'in da fayil ɗin ke hannunsa. Mutum ne mai furfura, mai gilashi a kan hanci, ba mugu ba, gajiyayye dai. Ta yi masa bayani. Ya cire gilashin ya goge.

"Malama, bango zan ɗauko in sa a fayil?"

"A'a, ranka ya daɗe, zuwa za ka yi ka gani."

"In buɗe kwaɗon hukuma don in kalli zanen alli? Ogana zai tambaye ni dalili. Mutumin nan shi ya aiko da lissafinsa, ba mu muka ƙirƙira ba. Kullum mutum goma suna zuwa nan su ce kuskure ne. Ki kawo min takarda daga masu manhajar cewa ita ce ta lissafa ba daidai ba, da sa hannu, da suna, da muƙami. Sai in sami ƙafar tsayawa. In babu, ran talatin mai gwanjo zai zo."

Ta fito ta tsaya a bakin matakala. Ta san kamfani ba zai rubuta ba. Ta san kuma suna da muƙamin da ake nema tana da su: ita ce shugabar masu zane.

Gidansu ɗaki biyu ne da falo a saman wani shagon magani. Mijinta direban babbar mota ne, sati biyu yana hanya, kwana uku yana gida. 'Ya'yanta mata biyu suna makaranta. Mahaifiyarta tana tare da su, ciwon suga ya riga ya ci yatsu biyu na ƙafarta, kuma katin asibitin kamfani ne ke biyan allurarta. Da la'asar ta same ta a baranda tana tsince shinkafa a tire, ta zauna ƙasa kusa da ƙafar mai ciwon ta faɗa mata komai, har da maganar katin.

Tsohuwar ba ta daina tsintar ba. Ta ce, "Laifin naki ne ko ba naki ba?"

"Rabi nawa ne, Inna. Shi ma ya jefar da takarda biyu."

"Nasa rabin ba ke za a tambaya ba. Ubanki tela ne. In ya ɓata yadin mutum ba ya cewa almakashi ne. Sau biyu muna kwana da yunwa a kan haka, na zage shi tas. Da ya rasu kuma ba mu rasa mai ɗaukar makara ba."

"Allurarki fa?"

"Kada ki jingina tsoronki a ƙafata, ta ishe ni da nauyin da take da shi. Miƙo min wancan kwanon."

Washegari ta rubuta. Layi tara ne kacal, na gani da idona, an karanta min. Ta ce ita ce ta zana manhajar da maɓalli biyu, ba ta bar wurin kuɗin amana ba. Ta ce ita ce ta cire faɗin adadi kafin a aika. Ta ce duk mai sana'ar da ke riƙe kuɗin kayan wani zai faɗa wannan ramin, kuma ba ha'inci ba ne. Ta sa hannu. Kafin ta kai ofishin haraji sai da ta ajiye kwafi a teburin manaja, don kada a ce ta bi ta bayan gida. Ya karanta ya ce, "Kin san abin da kika yi?" Ta ce ta sani.

Ke ce, Danna-mu-gani, 'yata. Laifi tudu ne, kowa nasa yake takawa ya hango na wani. Ke kika sauko daga naki kika nuna shi da yatsa a gaban hukuma. Na ga masu rawani da masu kwat da yawa a rayuwata, ban ga wanda ya rubuta "ni ne" da hannunsa ba a tilasta shi ba. Mace mai kamar maza kaɗan ne a faɗa miki, don mazan da ke ofishin nan ƙasa suka duba.

Ran kwana ashirin da shida jami'in ya zo da mabuɗi. Damina ce, an yi ruwa sau biyar tun da aka rufe shagon. Duk layin ya bar aiki ya taru. Tartsatsi ya ƙi matsowa kusa, yana ta kallon rufin. Shi kaɗai ya san abin da yake tsoro. Kwanon shagon yana yoyo ta kusurwar hagu, kuma duk ran da hadari ya haɗo shi ke jingina falanki a bangon ya kare allin. Kwana ashirin da shida ba wanda ya jingina komai.

Aka buɗe. Warin tsatsa da laima ya fito. Injin yana nan a rufe da buhu. Ta dama, ƙofofi bakwai a jere a jikin bango, kowace da adonta, da lambobinta a ƙasa, tsaf kamar allon makaranta. Ta hagu kuwa farin ruwa ne ya gangaro har ƙasa ya bushe. Gida biyar sun tafi.

Matar Tartsatsi ta ɗora hannu a ka. Shi kuwa ya shiga ciki. Ya je ya dafa bangon da tafin hannu, ya duba hannun, ya goge a wando.

Danna-mu-gani ta kunna fitilar waya ta durƙusa a cikin laka, tana bin bangon kamu-kamu ko za ta tsinci lamba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ga alamar bakwai nan. Wannan kuma kamar huɗu."

"Malama, tashi," in ji jami'in. "Kamar ba ta shiga fayil."

Amma ya cire hularsa ya zauna a kan bokiti, ya kwafe bakwai ɗin lamba bayan lamba, yana gwadawa da ranakun da kuɗi suka shigo wayar. Ko ɗaya bai saɓa ba. Da ya gama ya dubi Tartsatsi ta saman gilashi ya ce, "Malam, na ga akantoci masu digiri da littafinsu bai kai bangonka gaskiya ba." Tartsatsi ya ce, "To ka yarda da sauran biyar ɗin mana." Jami'in ya ce, "Na yarda. Doka ce ba ta da ido a nan."

An cire gida bakwai. Biyar suka tsaya a kansa a matsayin abin da ya samu, da tarar jinkiri. Kwana huɗu suka rage. Layin ya yi karo-karo, bai kai ba. Danna-mu-gani ta kawo abin da ta kawo a ambulan, ya mayar mata ko buɗewa bai yi ba, ya ce shi ba a yanka shi a ba shi romo. Ran ashirin da tara ya sayar da janareta a rabin kuɗinsa, ya biya. Mai gwanjo bai zo ba. Injin ya tsira.

Kada a ce labarin ya yi daɗi. Ɗan kwangila ya kai gida ukun da ba a gama ba wajen wani. Shagon da ba janareta sai an kawo wuta yake aiki, wutar layinmu kuwa kun san halinta. Babbar 'yarsa ta bar makarantar kuɗi. Na tambaye shi ko ya yi wa Danna-mu-gani godiya. Ya ce, "Allah ya isa ban ce ba, na gode ma ban ce ba. A bar ni a nan." Ban matsa masa ba. Ruwan da ya dake ka shi ne ruwa.

Ita kuma ba a kore ta a ranar ba, sun fi haka wayo. Sai da ta gama zana gyaran. Maɓalli na uku, ruwan ɗorawa, a tsakanin kore da ja, an rubuta "na wani ne". Muryar kuma yanzu sai ta faɗi adadi sau biyu kafin ta ce a aika. Da gyaran ya fito aka kira ta aka ce ana rage ma'aikata. Mutum ɗaya aka rage. Katin asibitin ya mutu ƙarshen wata. Yanzu akwai babban allon talla a mahadar titi, da hoton wani saurayi mai fararen haƙora riƙe da guduma, an ce kamfanin da ke sauraron masu sana'a ne ya kawo sabon maɓalli. Saurayin ko riƙon gudumar bai iya ba.

Saboda takardar nan mai layi tara, ofishin haraji ya ba mutum ɗari biyun nan dama su sake lissafi. Magini ɗaya a bayan layinmu an mayar masa da abin da ya saya wa matarsa keken ɗinki. Bai san wa ya jawo masa ba. Na gaya masa. Ya ce, "Wace ce haka?"

Shi ya sa na ce sai an rubuta. Ke ce kika zauna a bencinmu shekara tara ba ki taɓa toshe hanci ba. Ke ce kika yi kuskure, babba, wanda ya ci janaretan mutum, kuma ba zan rage shi don ina yabonki ba. Amma ke ce kika tsaya a kansa da sunanki lokacin da aka ba ki hanyar sulalewa. Na gode. A madadin mai faci da tela da kafinta, da wanda bakinsa ya kasa faɗa, na gode. Allah ya ba mahaifiyarki lafiya, ya buɗa miki inda ba a korar mai gaskiya.

Ku kuma masu zana abubuwan da talaka ke dannawa, ku saurara, ba zan maimaita ba. Ku fito daga ɗakin sanyi ku tambayi mutum kuɗin wa ke hannunsa kafin ku ƙirga masa. In kun ɓata, ku ce kun ɓata tun kwaɗo bai hau ƙofa ba. Wanda ke neman ma'aikaciya kuma, ga ta nan zaune a gida, ya neme ta.

Injin yana shago na shida. Jiya da hantsi an kawo wuta ta awa biyu, na ji ƙararsa daga inda nake zaune, na ga hasken yana dukan bangon maƙwabci. Ba ki nan balle ki ji. To ki sani, yana aiki.